Sharhi kan bitar ɗabi'un Aristotal ga jami'an kula da ma'aikata

Wani kamfanin horaswa yana gudanar da bita ta intanet ga manajoji da jami'an sashen kula da ma'aikata, wadda ya gina a kan koyarwar Aristotal, masanin falsafar nan na Girka da ya rayu daga shekarar 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na halarci bitar, kuma a ganina ta ci kuɗinta ga duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa, sai dai ta kauce wa tambayar da ta fi damun ƙaramin ma'aikaci.

Ginshiƙin darasin shi ne cewa ba a haihuwar mutum da kyakkyawan hali, ana samunsa ne ta yawan aikatawa, kamar yadda Aristotal ya ce magini yana zama magini ne ta hanyar yin gini. Da wannan hujja malamar bitar ta soki al'adar miƙa wa sabon ma'aikaci kundin dokoki ranar da ya kama aiki, ya sa hannu, ya jefa a durowa, sannan a ɗauka an koya masa gaskiya da riƙon amana. A cewarta, abin da ya ga shugabansa yana yi kullum shi ne zai zame masa jiki.

Inda bitar ta fi armashi shi ne batun tsaka-tsaki, wato cewa kowane hali nagari yana zaune ne tsakanin gazawa da wuce gona da iri: jarumta tsakanin ragwanci da ganganci, kyauta tsakanin rowa da almubazzaranci. An raba mu rukuni-rukuni, aka ba mu misalin wata akanta da ta gano cewa shugabanta yana ƙara kuɗi a rasitan tafiye-tafiyensa. Idan ta yi shiru don kare kujerarta, ta yi ragwanci. Idan ta watsa hotunan rasitan a zauren WhatsApp na ofis, ta yi ganganci. Muhawara ta yi zafi kan wanda ya kamata ta fara tunkara da kuma lokacin da ya dace, kuma malamar ba ta yanke mana hukunci ba, ta dai nuna cewa wannan aunawar ita ce hikimar aiki da Aristotal ya ɗora sauran halaye a kanta. Ta kuma yi gargaɗi biyu masu kyau. Tsaka-tsakin ba lissafin raba biyu ba ne, domin abincin da ya yi wa Milo ɗan kokawa kaɗan zai yi wa sabon shiga yawa. Sannan akwai ayyukan da ba su da tsaka-tsaki kwata-kwata, irin su sata da kisa, don haka babu wani abu wai shi cin hanci daidai gwargwado.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ji baƙon abu ba a nan, tunda Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa tushen kyawawan ɗabi'u gida huɗu, hikima da jarumta da kamun kai da adalci, rabon da ake samu tun wajen Aflatun, malamin Aristotal. Bitar ba ta ambaci wannan ba.

Babban giɓin yana wajen adalci. Littafin Aristotal kan ɗabi'u kashi goma ne, kuma ya ware na biyar sukutum ga adalci, ciki har da yadda ake raba dukiya da girma gwargwadon cancanta, wanda a ofis yake nufin albashi da ƙarin girma. Bitar ta ratsa ta kansa da gudu. Da wani mahalarci ya tambayi yadda za a nemi kamun kai daga ma'aikacin wucin gadi da ke bin bashin albashi, sai aka ba shi amsa da bayani kan haƙuri, abin da ya mayar da nauyin gyara gaba ɗaya kan wanda ba shi da iko. Haka kuma ba a faɗa wa mahalarta cewa Aristotal ya kare bauta, ya kuma ga cewa mai aikin ƙarfi don lada ba shi da sukunin cika halin kirki ba, alhali kuwa wanda zai ɗauki ra'ayin mutum ya shiga da shi masana'anta ya kamata ya san hakan.

Takardun da aka raba a rubuce suke da kyau, ko da yake da Turanci kawai suke, kuma ana aiko da faifan kowane zama ga wanda intanet ta yanke masa. Kamfanin da zai biya kuɗin, gara ya tura manajojin da ke sa hannu kan albashi da ƙarin girma, kada ya tura masinja da direba.