Ragar tare idon maƙwabta: inda take aiki da inda take gazawa

Ragar da ake ɗaura wa shingen lambu domin tare idon maƙwabta tana cikin kayan da tallarsu ta fi aikinsu girma, ko da yake ba za a ce ba ta da amfani ba. Wadda na ɗaura irin wadda aka fi samu ce: saƙaƙƙiyar raga ta wata roba mai ƙarfi da ake kira HDPE, koriya mai duhu, tsayinta mita 1.8, an kalmashe bakinta an ɗinke, sannan an jera mata zobban ƙarfe a kowane gefe saboda ɗauri. A jikin kwalin an rubuta cewa tana tare kashi 90 cikin 100 na gani, kuma an gauraya robar da sinadarin da ke rage mata ɓarnar rana.

Wajen ɗauri ba ta da wahala ko kaɗan. Mutum ɗaya zai iya gama aikin idan ya fara daga kusurwar sama, ya riƙa jan ragar tana miƙewa kafin ya ɗaure zobe na gaba. Da yake saƙa ce mai sarƙe da juna, ko an yanke ta da almakashi ba ta warwarewa, kuma wannan ya burge ni. Abin da bai burge ni ba shi ne 'yan maɗauran roba farare da aka sako a cikin kwalin, domin irinsu ba sa jure rana, sukan bushe su riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya. Gara a sayi baƙaƙe waɗanda aka yi domin waje, ko a zarga igiyar nailan ta cikin zobban gaba ɗaya.

Ga wanda damuwarsa masu wucewa ce, ko maƙwabcin da ke tsaye a ƙasa ɗaya da shi, ragar ta cika alkawari da rana. Daga waje ba a ganin komai sai dai motsin inuwa idan mutum ya matso dab da ita. Da dare kuwa labarin yakan sauya, saboda ido yana ratsa raga ne daga ɓangaren duhu zuwa ɓangaren haske. Da zarar an kunna fitila a cikin lambun, wanda ke waje yana iya rarrabe siffar mutanen da ke zaune, har ya san wane ne ya tashi, wane ne ya miƙa hannu. Sunkuyar da fitilar ƙasa yana rage matsalar.

Babbar gazawarta tana ga tagar benen maƙwabci, wadda ita ce ainihin abin da ke sa yawancin mutane sayenta, kuma a nan lissafi ya fi talla faɗin gaskiya. A ɗauka idon maƙwabci yana mita 4.5 daga ƙasa, tagarsa kuma tana da tazarar mita 10 daga shingen. Idan ya kalli lambun ta saman raga mai mita 1.8, layin ganinsa yana sauka da santimita 27 a kowace mita ɗaya. Mutumin da ke zaune a kujera, wanda kansa bai wuce mita 1.2 ba, zai ɓuya ne kawai idan bai yi nisa da shingen fiye da kimanin mita 2 ba. Wanda ke tsaye kuwa sai ya kusan jingina da ragar kafin ya ɓace wa mai kallo. Duk sauran filin, har da tsakiyar lambun inda aka fi son ajiye kujeru, a buɗe yake kamar ba a ɗaura komai ba. Babu inda kwalin ya ambaci wannan, alhali hoton da ke jikinsa yana nuna iyali zaune a tsakiyar fili hankali kwance.

Ƙara tsayi yana taimakawa, amma yana zuwa da nasa larurar. Wurare da yawa suna da dokar da ta iyakance tsayin shinge; a Ingila, misali, shingen da ya haura mita 2 yana buƙatar izinin hukumar tsara gine-gine, kuma iyakar takan sauko zuwa mita 1 idan shingen yana bakin titin mota. Sai kuma iska. Ana tallar ragar da cewa iska tana ratsa ta, kuma tana ratsawa ɗin, sai dai abin da ya toshe kashi 90 bai bar wa iska hanya mai yawa ba. Ranar da aka yi iska mai ƙarfi na ga ragar ta kumbura, sandunan suna rangaji, zoben kusurwa kuma ya fara yage bakin ɗinkin. Shingen waya mai siraran sanduna, wanda iska ke wucewa ta cikinsa a da, yanzu shi ne yake ɗaukar nauyin iskar duka, don haka dole a ƙarfafa sandunan kafin a yi maganar ƙarin tsayi.

Inda na ga ta yi aikin da ya fi na shinge shi ne lokacin da na shimfiɗa ragowarta a sama, na yi rumfa da ita a kan wurin zama kawai, na ɗan karkatar da ita ta fuskar tagar. Ƙaramin yanki kusa da mai zama ya tare abin da doguwar raga a kan iyaka ta kasa tarewa. Hanyar gane wurin da ya dace mai sauƙi ce: a zauna a kujerar, a ɗaga kai, duk tagar da ake iya gani daga nan ita ma tana ganin mai zaman.

Masu shuka su lura cewa ragar tana tare rana kamar yadda take tare ido, saboda haka ganyayyakin da ke gindinta ta ɓangaren inuwa sukan yi tsawo su rame. Kyanta ma ba wani abin yabo ba ne, roba ce kuma kamar roba take. Na fi ɗaukarta a matsayin abin riƙon ƙwarya kafin tsiro mai yaɗo ya rufe shingen, ko kafin gora ta yi tsayi, muddin an zaɓi irin gorar da ke tsayawa a dunƙule, domin mai yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa tana iya ɓullowa a gidan maƙwabcin ta jawo rigimar da ta fi ta leƙe.