Masu shirin sayen tokumbo, ku duba lambar casis kafin ku ba da ko sisi

Jama'a don Allah duk mai shirin sayen mota ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wasu dillalai marasa tsoron Allah da suke shigo da motocin da ruwa ya ci a Amurka, a wanke su tas a fesa turare, a ce maka dairek Beljiyam ce, wai wata tsohuwa ce take zuwa cefane da ita.

Ga yadda abin yake. Duk sanda guguwa ta kawo ambaliya a can, irin Harvey a Houston a 2017 ko Ian a Florida a 2022, kamfanonin inshora sukan biya masu motocin sai su kai su gwanjo irin na Copart da IAA, kuma a can akan rubuta cewa ruwa ya shigi motar. Sai ta iso nan labari ya canja. Ranar farko lafiya lau za ta tashi, AC na sanyi, sai bayan 'yan watanni tsatsa ta gama cin soket ɗin wayarin, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi ƙwaƙwalwar motar ta mutu, kuɗin da bawan Allah ya daɗe yana tarawa duk ya ƙare a gareji, dillali kuwa ya ci la'adarsa ya daina ɗaga waya. Wallahi abin yana min ciwo.

Lambar casis guda 17 ce, haruffa da lambobi, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, akwai ta kuma a jikin ƙofar direba. Ka karanta da idonka, ka tabbatar iri ɗaya ce da ta takarda, kar ka yarda da wadda dillali ya turo maka a WhatsApp. Ka sa ta a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka ganta yadda take kafin mai fenti ya taɓa ta. In da hali ka biya a ciro maka rahoton Carfax, wato tarihin motar a Amurka, nan za ka ga ko ta yi hatsari da kuma mil nawa ta ci, don juya mita baya ba wuya a wurinsu. Sannan a lambar casis ɗin ka ƙirga zuwa ta 10, ita ce shekarar motar: 8 na nufin 2008, 9 2009, A 2010, B 2011. Da wannan ake kama masu canja fitilu da bamba su sayar da tsohuwar Camry a kuɗin sabon yayi.

Ka je da bakanikenka, naka, ba wanda dillali ya kira ba. A ɗaga kafet, a ciro safaya a duba ko akwai busasshen taɓo a ramin, a leƙa notikan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, fitilar inji da ta eyabag dole su kama, in ba su kama ba to wataƙila an kashe su ne don a ɓoye matsala.

Sai takardun kwastam. A Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, amma ba a daina shigo da su ta ɓarauniyar hanya ba, shi ya sa jabun takardun duti suka yi yawa, in aka tare ka a hanya kuma kai za a ƙwace wa mota ba dillali ba. Ka kai su ofishin kwastam a tantance maka.

In dillali ya fara cewa wani Alhaji na hanya da kuɗi, ka sa kafin alƙalami yanzu-yanzu ko ta wuce ka, kar ka tura. Ka ce masa sai ka gama bincike, in Alhajin ya riga ka to ya saya.