Daga Manchester: ba a ɗauke wuta, amma ana kwana cikin sanyi

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya, ya iyali, ya jikin Inna. Ka tambaye ni ko gaskiya ne ba a ɗauke wuta a nan. Gaskiya ne. Gas ma ta bututu yake zuwa har kicin, ba mai saɓar silinda zuwa gidan mai, ba ƙarar janareta. Abin da ba a gaya muku shi ne, talakan nan da hannunsa yake kashe wa kansa wuta.

Sanyin ba irin hunturun Kano ba ne, da za ka yi rawar ɗari da asuba, hantsi na yi ka tuɓe rigar sanyi. Tun daga Nuwamba har Maris ake yinsa, dare da rana, a Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa. Hukumomin lafiya sun ce kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 18. Gidajen da irinmu ke iya kamawa haya kuwa tsofaffin gidajen jan bulo ne, wasu sun haura shekara ɗari, ɗumin da ka saya da kuɗinka ta taga da bango yake sulalewa.

Masu ƙaramin ƙarfi da yawa mitar kati gare su, irin tamu ta gida. Ka je shago mai alamar PayPoint ko gidan waya ka loda fam 10 ko 20. Sai dai ta nan tana da wani hali: kullum akwai ɗan kuɗin da take cirewa ko ba ka kunna komai ba. Wata maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta daina taɓa hita tun shigowar ɗumi, tana ganin tattali ne. Da sanyi ya dawo ta loda fam 20, kafin ta ɗora tukunya bashi ya lashe mafi yawansa. Ta kira ni, muka tsuguna a ɗan kabad ɗin da ke ƙarƙashin bene da fitilar waya, ina danna maɓalli ina karanta mata lambobin, tana ta salati. Ba wanda ya taɓa yi mata bayanin nan da yaren da take ji.

Taimako kam akwai shi, ba zan hana su haƙƙinsu ba. Bayan Rasha ta mamaye Ukraine a 2022 farashin gas ya yi tashin gwauron zabi, gwamnati ta ba kowane gida fam 400 cikin wata shida, daga Oktoba zuwa Maris na 2023. Masu biya ta banki sun ga ragin kai tsaye. Masu tsohuwar mitar kati kuwa bauca aka turo musu, sai sun kai shago an loda, kuma da yawa sun ɗauka takardar talla ce suka watsar. Har yanzu ana rage wa wasu gidaje fam 150 a kuɗin lantarki kowane hunturu, ana kuma ba wasu masu karɓar tallafi fam 25 duk lokacin da matsakaicin ma'aunin yanayi na kwana 7 a jere bai haura digiri sifili ba. Amma duba bizar ɗalibai da ta masu aikin kula da tsofaffi, wadda namu suka fi shigowa da ita: an rubuta ba ruwansu da tallafin gwamnati. Su sai dai ƙungiyoyin agaji, irin su Citizens Advice da ke ba da shawara kyauta, ko laburare da masallatai da coci-coci da ke buɗe ɗaki mai ɗumi a wuni a sha shayi.

Wanda ya fi burge ni shi ne rajistar da ake kira Priority Services Register, ta masu buƙatar ƙarin kulawa daga kamfanonin wuta da gas. Kyauta ce, kamfanin wutarka ke sa ka a ciki, kuma rashin jin Turanci sosai na cikin dalilan da ake karɓa. To wa zai gaya wa wanda ba ya jin Turancin? Takardun da nake gani an fassara su da Urdu, Larabci, Bengali da yaren Somaliya, ban taɓa cin karo da ta Hausa ba. Abin da ke aiki a wurinmu shi ne sanarwa bayan sallar Juma'a, da saƙon murya a WhatsApp, wani ya karanta wasiƙar ya faɗe ta da baki.

Lamarin har rai yake ci. Ɗaki in ya yi sanyi, ga shanya a ciki, taga a rufe, sai baƙar funfuna ta kama bango. A Rochdale, nan kusa da mu, ita ta yi ajalin wani yaro ɗan shekara 2 a Disamba 2020, iyayensa daga Sudan suka zo, sun daɗe suna kai kuka ba a saurare su ba. Sai bayan rasuwarsa aka yi dokar Awaab, mai sunansa, wadda ta tilasta wa masu gidajen hayar marasa ƙarfi gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Kaskon gawayi kuma kada ma a fara. Gidajen nan a toshe suke, iskarsa mai kisa ba ta da wari, ma'aikatan kashe gobara kullum gargaɗin da suke yi ke nan.

Ka gaya wa ƙaninmu da ke shirin zuwa, kafin ya sa hannu a takardar haya ya tambayi ko kuɗin wuta da gas na cikin hayar. Ya kuma nemi takardar da ke nuna yadda gidan ke riƙe ɗumi, daga A zuwa G ake ba da maki, kuma a doka ba a ba da hayar gidan da ya gaza E sai da keɓantaccen dalili. In ya ga gida mai arha da yawa, ya ja labule ya duba kusurwar taga.