Hattara da masu cewa "giyabos ya tashi aiki" tun ba su taɓa wayar kulochi ba

'Yan uwa masu babur, akwai wata damfara da ta daɗe tana cin aljihun mutane, kuma abin takaicin shi ne yawancin waɗanda aka yi wa ba su san an yi musu ba. Har godiya suke yi, suna tura abokai wurin.

Ga yadda take tafiya. Giyar babur ta fara gardama: ko ta yi tauri, ko ka tsaya kana ta neman firi ta ƙi samuwa, ko ka sa lamba ɗaya mashin ya zabura alhali ka matse kulochi. Ka kai gyara. Mutumin ya hau, ya taka giya sau biyu, ya girgiza kai ya ce, "Maigida, wannan sai an farke inji, giyabos ya tashi aiki." Ya lissafo maka kayan da za a saya, ya ce ka dawo jibi. Kana ba da baya ya daidaita wayar kulochi, aikin 'yan mintoci, ya juye baƙin mai ya zuba sabo, ya shafa ɗan gam a bakin murfin inji don ya yi kama da wanda aka buɗe. Ka dawo ka ji giya tana shiga sumul, ka biya kuɗin kayan da ba a saya ba da ladan aikin da ba a yi ba.

Ba duka makanikai nake nufi ba, masu amana suna nan da yawa. Su ma wannan abu yana ɓata musu suna. Abin da ke ba mugun bakanike dama shi ne mai babur ba ya ganin cikin inji, kuma bai san cewa matsalar canza giya galibi daga waje take farawa ba.

Yawancin baburan da ake canza wa giya da ƙafa, inji da kulochi da giya duk cikin baƙin mai guda suke wanka. Giyoyin kuma kullum a sarƙe suke da juna. Abin da ƙafarka ke yi shi ne juya wani ƙarfe mai ramuka, shi kuma ya tura wasu ƙarafa masu yatsu biyu, su gusar da giya har haƙoran gefenta su faɗa cikin ramukan maƙwabciyarta. Kafin haƙoran nan su shiga, sai an sauke musu nauyin inji, wanda shi ne aikin kulochi, kuma sai suna juyawa su dace da ramin. To a nan ɗan damfara yake yin wasansa na farko. Zai kashe inji, babur na tsaye wuri ɗaya, ya yi ta taka giya yana nuna maka ta ƙi shiga lamba uku ko huɗu. Ai sabon babur fil ma haka zai yi! Ka ce ya ɗora shi a kan babbar ƙafa, ka riƙa juya tayar baya da hannu yana canzawa. In giyoyin sun shiga ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe suka dawo, maganarsa ta fara rushewa. Haka ƙarar "ƙwas" da ake ji in an sa lamba ɗaya da sanyin safiya, wannan ɗabi'ar kulochin da ke cikin mai ce, ba alamar karyewa ba.

Gwajin da ya fi tona asiri ba ya bukatar sufana. Idan inji na aiki firi ta ƙi samuwa, amma kana kashe shi ta samu cikin sauƙi, kulochi ne ba ya saki gaba ɗaya. Sai a duba wasan da ke hannun kulochi kafin ya fara ja. A babura da yawa milimita 10 zuwa 20 ake so a ƙarshen hannun, littafin babur ɗinka zai faɗi naka. In wasan ya yi yawa, kulochi ba zai saki ba, giya ta yi tauri. In babu wasa sam, sai ya riƙa zamewa: ka murɗa totur inji ya yi ta ihu, gudu bai ƙaru ba. Wayar kulochi ta bushe ko ta fara tsinkewa a ciki, ita ma haka. In waya lafiya take, sai a koma kan farantan kulochi, ko sun cinye ko sun lanƙwashe saboda zafi. Wannan murfin gefe kawai ake cirewa, inji na zaune a mazauninsa.

Sauran ƙananan abubuwa ma kowa zai iya dubawa da idonsa. Matakin giya ya yi sako-sako a kan sandarsa saboda notin da ke matse shi ya kwance. Babur ya taɓa faɗuwa matakin ya lanƙwashe yana gogar jikin inji. Sarƙa ta saki da yawa tana fizga. Mai ya yi ƙasa ko ya tsufa. In kuwa ka taka matakin ya ƙi dawowa tsakiya da kansa, sau da yawa sifirin ɗin da ke dawo da shi ne ya karye, kuma a yawancin babura ta bayan murfin kulochi ake samunsa.

Batun mai yana da nasa 'yan kasuwar. Akwai masu tallar wani ruwa a ƙaramar kwalba, wai ka zuba cikin baƙin mai giya ta koma sabuwa ba tare da an kwance noti ko ɗaya ba. Babu ruwan da ke mayar da haƙorin ƙarfen da ya cinye. Abin da ya fi muni, irin waɗannan ruwan da yawansu sinadaran rage gogayya ne, kulochin babur kuwa da gogayya yake aiki. Kwana biyu za ka ji laushi, bayan nan farantan su fara zamewa, ka sayi matsalar da ba ka da ita. Dalilin da ya sa masana'antar motoci ta Japan ta fito da ma'auni na musamman ga man babur a 1998 ke nan, shi ne rubutun JASO MA ko MA2 da ake gani a jikin galan. Man mota mai sinadarin rage shan fetur ba na irin wannan kulochi ba ne, ko da mai sayarwa ya rantse.

Wasa na biyu shi ne na "shaida". Zai miƙo maka karyayyar giya a tsumma ya ce ga abin da ya ciro. Wa ya san daga wane inji ta fito, ko shekara nawa ta yi a akwatinsa tana wannan aiki? Wani kuma zai nuna maka garin ƙarfe a cikin man da ya juye. Ɗan laushin gari mai toka-toka a kan maganaɗisun notin juye mai abu ne da aka saba gani. Gutsattsarin ƙarfe da yatsa zai iya ɗauka, su ne abin tsoro, kuma a gabanka ya kamata a juye man, cikin kwanon da ka ga tsabtarsa.

Mafi cutarwa shi ne wanda zai farke injin da gaske, ba don yana bukata ba, ya kwashe kayanka na asali masu lafiya ya zuba maka jabu. Wannan ya ci kuɗinka, ya ci kayanka, bayan 'yan watanni kuma ka dawo masa da ainihin lalacewar da ya ƙirƙira.

Akwai lokacin da farke inji gaskiya ne, kada a ce na hana. Babur yana tafiya ka ba shi wuta giya ta fice da kanta, musamman lamba biyu, bayan an tabbatar kulochi da mataki lafiya suke. Ko giya guda ta ƙi shiga ko da taya na juyawa. Ko ƙara tana fitowa a giya guda tak ban da sauran. Waɗannan alamun haƙora sun cinye ne ko ƙarfen tura giya ya lanƙwashe. Amma aiki ne babba. A yawancin ƙananan babura masu silinda ɗaya, sai an cire salansa da sarƙa, an sauke inji daga jikin babur, an cire kansa da silinda, sannan a raba shi gida biyu. Wanda ya ce ya yi wannan amma notocin da ke riƙe inji suna nan da tsohuwar ƙurarsu, ƙarya yake yi.

Saboda haka kafin ka bar babur, ka ɗiga fenti ko jan farce a kan waɗannan notoci da kusoshin tsakiyar inji, ka ɗauki hoto da waya. Ka gaya wa bakanike tun farko cewa kana so a kira ka in an buɗe, ka ga ɓarnar tana cikin injinka kafin a ciro ta, kuma tsofaffin kayan da kwalayen sababbin naka ne. Bakanike mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, shi zai ma jawo ka ya nuna maka haƙorin da ya cinye. In ya fara cewa ba ka yarda da shi ba ne, ko ba ya aiki ana tsaye a kansa, ka tura babur ɗinka zuwa wani garejin, kada kuma ka gaya wa na biyun abin da na farko ya ce har sai ya faɗi nasa.