Wata bakwai ina hawa bas mai layinta daban, motata tana ajiye a gida

Shekara takwas na yi ina tuƙa kaina zuwa wurin aiki. Daga ƙofar gidanmu zuwa ofis kilomita 19 ne, kuma ranar hutu, idan titi ya yi fayau, minti 25 ya ishe ni. Ranar aiki kuwa sai yadda hali ya yi. Wata rana minti 50, wata rana awa ɗaya da rabi, akwai ma safiyar da wata babbar mota ta lalace a kan gada na kwashe awa biyu da kwata ina zaune. Don haka kullum sai in fita ƙarfe shida saura, saboda tsoron ranar da hanya za ta cushe. Ranar da ba ta cushe ba, in isa tun ba a buɗe ofis ba, in zauna cikin mota ina jira. Ashe ko hanya ta yi kyau ko ta ɓaci, lokacin nan na riga na yi asararsa.

Ba da son raina na fara hawa bas ba. Kulocin motar ne ya ƙone, abin da tsaya-matsa na cunkoso ke jawowa, bakanike ya riƙe ta kwana tara yana jiran kayan gyara. Ya dawo da ita lafiya lau, amma har yau kwana huɗu a mako tana nan inda na ajiye ta. Abokan aikina da dama sun tambaye ni ko su ma su gwada, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani, daɗinsa da ɗacinsa.

Bas ɗin da nake nufi ita ce irin wadda aka ware wa layi a tsakiyar titi, aka katange shi da dakalin kankare don kada ƙananan motoci su shiga. Tashar ma a tsakiya take, ta gadar ƙafa ake hawa a sauka cikinta. Tun a mashiga ake ɗora kati a kan na'ura ta cire kuɗi, saboda haka babu kwandasta, babu neman canji, babu tsayawa a bakin ƙofa ana ciniki. Daɓen tashar daidai yake da na motar, ba a taka matakala. Motar kanta doguwa ce, mita 18, mai gaɓa a tsakiya da ke lanƙwasa a kwana, tana ɗaukar mutum fiye da 100. Idan ta tsaya ƙofofinta duka suke buɗewa lokaci guda, masu sauka su sauka, masu hawa su hau, kafin ka gyara tsayuwa ta tashi.

Waɗannan ƙananan abubuwa su ne sirrin saurinta, kuma ba yau aka fara su ba. Birnin Curitiba na ƙasar Brazil ne ya buɗe irin wannan layi a 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner, wanda asalinsa mai zanen gine-gine ne. Dabarar ita ce a samu aikin jirgin ƙasa na cikin gari ba tare da an haƙa rami an kashe kuɗin jirgi ba. Bogota ta ƙasar Kolombiya ta ɗauka ta faɗaɗa a ƙarshen shekarar 2000, daga nan birane da yawa suka kwaikwaya.

Aikina na lissafi ne, ban iya yarda da abu sai na auna. Wata na farko na riƙa rubuta lokaci a waya kowace safiya. Daga tashar da nake hawa zuwa wadda nake sauka, mafi sauri minti 38, mafi jinkiri 46. In na haɗa da tafiyar ƙafa ta minti 12 daga gida, da wata ta minti shida zuwa ofis, da ɗan jira, abin yana kamawa awa ɗaya da 'yan mintuna. Wato ranar da titi ya yi kyau, mota ta fi ta sauri, wannan ba na musu. Amma tsakanin 38 da 46 minti takwas ne kacal, kuma a kan minti takwas mutum zai iya tsara safiyarsa. Yanzu ƙarfe bakwai saura kwata nake fita. Ni nake shirya ƙaramar 'yata, ni nake taje mata kai, abin da a shekara takwas ɗin nan sai dai ranar hutu. Wannan tabbacin shi ne babban abin da nake saye da katina.

Akwai wata danja da muke tsayawa kusa da babban shataletale, daga nan ana hango layuka uku na motoci a gefenmu. Wata safiya ina tsaye jikin taga na fara ƙirga su. Cikin motoci 40 da idona ya kai, 33 direba ne kaɗai a ciki. Wani ya kifa goshi a kan sitiyari, wata tana ta danna ham alhali na gabanta ma ba shi da inda zai matsa. Na san yadda ƙafarta ta hagu ke ji, don tawa ta daɗe tana yi min irin wannan tsamin. Mu da ke cikin bas guda mun ninka su yawa, a fili da bai wuce na motoci huɗu a jere ba. Danja ta ba mu hannu muka wuce, suna nan.

Da can ina cikin masu cewa maganin cunkoso a ƙara faɗin titi. Ranar nan na fara shakka, daga baya na karanta labarin babbar hanyar Katy a birnin Houston na Amurka. An faɗaɗa ta aka gama a 2008, har wani wuri ta kai layi 26 idan aka haɗa da titunan gefe, amma cikin 'yan shekaru lokacin tafiya a kanta ya sake ƙaruwa. Dalilin a fili yake: hanya ta yi sauƙi, waɗanda da suke kauce mata suka dawo, wasu suka ƙaura nesa saboda sun ga akwai titi, ta sake cika.

Batun kuɗi ba zan daɗe a kai ba. Abin da nake zuba wa katin a wata bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da fetur kaɗai ke ci ba, ban da kuɗin wurin ajiye mota, da baƙin mai, da birki, da taya, waɗanda ba a jin su kullum sai ranar da suka faɗo gaba ɗaya. Inshora da takardu dai ina nan ina biya tunda ban sayar da motar ba.

To, sai yamma. A nan ne sabis ɗin yake ba ni haushi, kuma duk wanda ya yaba shi bai faɗi wannan ba, da safe kawai ya hau. Daga ƙarfe biyar zuwa shida da rabi tashar da nake hawa cika take maƙil. Na sha tsayawa bas uku su wuce ni ba masaka tsinke, sannan in samu in kutsa cikin ta huɗu. Wani lokaci a yi minti goma sha biyar babu ko ɗaya, sai ga uku sun zo a jere kamar an ɗaure su. Na daɗe ina zargin direbobi kafin na gane yadda abin yake. Idan mota ɗaya ta ɗan makara, mutanen da za ta tarar a tasha sun ƙaru, sai ta daɗe tana lodi, ta ƙara makara. Ta bayanta kuma ta tarar an kwashe mutane, ta yi ta gudu har ta kamo ta. Maganinsa a samu mai lura da tazara yana riƙe ta baya na ɗan lokaci, kuma a ƙaro motoci a wannan awa. Ban ga alamar ana yin ko ɗaya ba. Ko a Bogota da ake misali da ita, cunkoson cikin mota shi ne babban kukan fasinjoji, amma wannan bai zama uzuri ba.

Ga mace, matsin nan ba ƙaramin abu ba ne. Na koyi rungume jaka a ƙirji, in nemi jikin gaɓar tsakiya in jingina bayana. Sau ɗaya na ji hannu a bakin jakata, na juya, mai hannun ya sulale ya sauka a tasha ta gaba. Ranar da na'urar sanyaya ta mutu kuwa, tagogin ba sa buɗuwa sosai, mutum sai ya sauka jiƙe sharkaf.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gadar ƙafa. Matakala 44 ce hawa, na ƙirga, kuma lif ɗin da aka yi domin masu rauni tun da na fara hawa a kulle yake da takarda manne a jiki. Wata yamma na tarar da wata tsohuwa a tsakiyar matakalar, ta dafa ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da ledar magunguna, tana haki. Na ce, "Sannu Inna, kawo in riƙe miki." Ta miƙo min ledar, ta kama damtsena, muka riƙa hawa ɗaya-ɗaya, tana hutawa duk bayan taka biyar. Da muka kai sama ta ce, "'Yata, motar ba ta da laifi, isa wurinta ne aiki." An kashe kuɗi an daidaita daɓe da ƙofar mota don keken guragu ya shiga ba tare da an ɗaga shi ba, sannan an bar mai keken a ƙasan gada. Na rubuta ƙorafi sau biyu, ban samu amsa ba.

Sai kilomita uku na ƙarshe ta wajen unguwarmu, inda dakalin kankaren ya ƙare aka bar fenti kawai. Fenti ba ya hana kowa. Ƙananan motoci suna shiga, masu sauke kaya suna tsayawa, bas ɗin ta koma kamar kowace mota. Duk bambancin minti takwas ɗin da na auna, kusan a wannan guntun yake faruwa. Na'urar zuba kuɗi a kati ma takan ƙi aiki idan intanet ya yanke, shi ya sa ba na bari kuɗin ya yi ƙasa.

Mota tana da ranarta, ban raina ta ba. Daren da zazzaɓi ya rufe ɗana, ba tasha na nufa ba. Ranar Alhamis ina zuwa wani reshen ofishinmu da layin bai bi ta wajensa ba, sai na canza mota biyu, don haka tuƙi nake yi. Ranar da aka tashi da ruwan sama mai ƙarfi, tafiyar minti 12 ɗin nan takan sa in yi kewar kujerata. Wanda gidansa ko wurin aikinsa ya yi nisa da layin, ko mai tashi aiki da tsakar dare, ko mai sauke yara a makarantu biyu kafin ya wuce, ba zan ce masa ya ajiye mota ba. Amma wanda tasha ke kusa da shi ta ɓangarorin biyu, ya gwada mako guda cur, safe da yamma, yana rubuta lokaci, kada ya yanke hukunci da ranar farko, don ranar farko duk a ruɗe ake yin ta.

Tsamin ƙafar nan ya tafi tun wata na biyu. Da safe nakan samu kujera saboda tasharmu tana kusa da farkon layi, na karanta littattafai biyar a wata bakwai, bayan shekaru ban gama ko ɗaya ba. Kwanaki ina cire takalmi a bakin ƙofa babbar 'yata ta dube ni ta ce, "Mama, yanzu ba kya dawowa da faɗa." Ban san suna lura ba. Na tsaya riƙe da takalmin ina tuna sau nawa na shigo gidan nan da haushin wani direban da ban ma san fuskarsa ba, na sauke a kansu.

Maigidana ya tambaye ni ko mu sayar da motar. Na ce a dakata tukuna, ina so in ga ko za a ƙaro motocin yamma, a buɗe lif ɗin, a ƙarasa dakalin kilomita ukun nan. Ƙorafi na uku na rubuta shi jiya, wannan karon da hoton takardar da ke manne a ƙofar lif ɗin.