Wallafa da Wuri ko Jiran Komai Ya Kammala?

Bayan haƙa, masanin kayan tarihi yana da zaɓi biyu: ya fitar da rahoto da zafi-zafi, ko ya jira sai komai ya kammala.

Flinders Petrie, masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya, ya bi hanyar farko a Masar. Kusan kowace shekara sai ya wallafa abin da ya tono, har da zanen tukwane. Akwai gaggawa a aikin, amma ni ina bayansa. Da siffofin tukwanen nan ya jera kaburbura bisa zamaninsu, dabarar da ake koyarwa har yau.

Howard Carter kuwa, wanda ya bi hanya ta biyu, ya gano kabarin Tutankhamun, wani Fir'aunan Masar, a 1922, ya rubuta bayanin kayan dalla-dalla a katuna, amma ya rasu a 1939 bai fitar da cikakken rahoton ilimi ba. Katunan suna ajiye a Cibiyar Griffith da ke Jami'ar Oxford a Ingila.