Tubkal ko Kilimanjaro a hutun mako guda: ka ɗauki Tubkal

Wani ɗan'uwa ya rubuto a zaure jiya da dare: "Hutun mako ɗaya gare ni, ban taɓa hawan babban dutse ba. Kilimanjaro na kwana biyar ko Tubkal na Maroko?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tubkal za ka. Na taka duka biyun, ɗaya na kai ƙololuwarsa na sauko da farin ciki, ɗayan kuma har yau in na tuna kuɗin da na zuba da yadda aka sauko da ni sai raina ya ɓaci.

Fara duba daga inda muka fito. Katsinar nan da muke zaune tsayinta daga teku bai wuce mita 500 da 'yan kai ba. Wuri mafi tsayi a Najeriya kaf, Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419 ne. Tubkal mita 4,167, Kilimanjaro da ke Tanzaniya kuwa 5,895. Mutanenmu da suka hau Jabalin Nur lokacin aikin Hajji ko Umara sukan ɗauka abin duk ɗaya ne, ƙarfin ƙafa da haƙuri. Wancan ƙafa ce ke aiki, wannan kuwa huhu ne. A saman Kilimanjaro iskar da numfashi ɗaya ke kai wa jininka kusan rabin ta bakin teku ce, kuma jiki ba ya sabawa da hakan sai da kwanaki. Kwanakin nan su ne ba ka da su.

Na je Tubkal a ƙarshen Satumbar 2022. Jirgi ya sauke ni Kasablanka, na shiga jirgin ƙasa kusan awa uku zuwa Marakish, washegari na hau tasi muka bi ta Asni zuwa Imlil, tafiyar awa ɗaya da rabi. Imlil ƙauye ne a cikin kwari, wajen mita 1,740, gidaje manne da jikin dutse, gonakin tuffa a jere hawa-hawa, ruwa na gudu ta ko'ina. Mutanen wurin Amazig ne, suna da harshensu daban da Larabci, amma in kana da ɗan Larabcin makarantar Islamiyya za ku fahimci juna. Abin da ya fara kwantar mani da hankali shi ne sallar Magariba. Liman ya tayar, sai na ji Warshu, irin karatun da aka biya mana a allo a zauren malam. Malikawa ne kamarmu. Ban ji ni baƙo ba ko kaɗan, kuma ban tsaya tambayar wa ya yanka naman da ke cikin tukunya ba.

Jagorana dattijo ne, zai kai shekara sittin, siriri, ba ya da yawan magana. Da safe ya ɗaga jakata ya auna da hannu, ya zazzage rabin kayan ya ce a bar su a masauki, sauran ya ɗora wa alfadari. Muka wuce ƙauyen Armud, muka tsallaka wani fili mai duwatsun rafi, sai hawa. A hanya akwai shingen jandarmomi, suna karɓar fasfo su rubuta sunanka da na jagoranka. Tun bayan kisan wasu 'yan mata biyu 'yan yawon buɗe ido, ɗaya daga Denmak ɗaya daga Norwe, a kusa da Imlil a Disambar 2018, hukuma ta hana hawa ba jagora. Saboda haka kada ka saurari mai ce maka za ka iya kai kaɗai, a shinge za a maido ka.

Wajen mita 2,350 akwai wani farin dutse da ake kira Sidi Shamharush. Sunan ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna da malaman zaure, wai sarkin aljanu, kuma mutane na zuwa ziyara neman waraka. Mu dai ba mu shiga ba, mun zauna a rumfa muka sha lemun zaƙi da aka matse, wanda suke sanyayawa da ruwan da ke gangarowa daga dutse. A nan na fara jin ƙarfi, na miƙe na fara sauri don in wuce wasu Turawa. Dattijon ya riƙo hannuna ya ce "imik s imik", wato kaɗan-kaɗan. Ya sa ni bayansa, ya ce in riƙa sa ƙafa inda ya ɗauke tasa. Tafiyarsa kamar ta mai rakiyar jana'iza, amma ba ya tsayawa. Kafin La'asar duk waɗanda na so wucewa mun bar su zaune a gefen hanya suna haki. Awa shida muka yi zuwa masaukin da ke mita 3,207. Gini ne na dutse, gadaje hawa biyu, bargo, murhu, da abinci mai zafi: miyar wake, burodi, tajin na kaza da zaitun, shayin na'ana'a iya shanka. Ka lura, a wurin kwanan nan kaɗai ka riga ka haura ko'ina a Najeriya da kusan mita 800.

Daren nan barci bai yi daɗi ba, kaina na ɗan sarawa, kuma haka kowa yake. Ƙarfe huɗu muka fita da tocilan a goshi. Sanyin wurin ba irin na hunturunmu ba ne da rigar sanyi ɗaya ke maganinsa, yana shiga ta yatsu har ka daina jin sandar da ke hannunka. Safar hannun da na saya a gwanjo ta ba ni kunya. Ban yi magana ba, amma dattijon ya ga ina cusa hannu cikin hammata. Ya cire tasa ya sa mani, shi kuma ya naɗe hannayensa cikin jallabiya ya ci gaba. Da alfijir ya keto muka tsaya a bayan wani dutse da ke tare iska, muka yi taimama, ya ja mu Asuba ni da shi da wani yaro mai dako. Na yi salloli a wurare da dama a rayuwata, amma wannan raka'a biyun, taurari na ɓacewa, duwatsu na fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba na jin zan manta da su. Bayan awa huɗu da barin masauki muka kai ƙololuwa, inda aka kafa wani ƙarfe mai siffar dala. Kudu ƙasa ta miƙe ja-ja-wur ta nufi Sahara. Na tsaya ina kallon can, na tuna cewa a bayan wannan rairayin gidanmu yake, kuma ta cikinsa ayarin raƙuma ya riƙa kawo littattafai da haja daga arewacin Afirka har Katsina. Hawaye na yi, ban ɓoye ba.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Tsakuwa ce mai zamewa, kuma in ka ɗauki tsarin kwana biyu, a ranar za ka gangaro daga 4,167 har Imlil, sama da mita 2,400 a yini ɗaya. Shi ya sa nake ce maka ka biya na kwana uku. Ko dai ka ƙara kwana a masaukin sama bayan ka sauko, ko, abin da ya fi, ka fara da kwana a Imlil ka yi ɗan hawa na gwaji ka dawo kafin ka tashi. Mako ɗayanka ya ishe ka har da ranar yawo a Marakish. Lokacinsa daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Afrilu dusar ƙanƙara ce ke rufe hanya, sai da ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi da gatarin ƙanƙara, wannan ba na sabon shiga ba ne. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023, wadda ta kashe mutum kusan 3,000, a lardin nan na Al Hauz ta auku. Na yi kwana biyu ina neman dattijon a waya kafin ya ɗauka, alhamdu lillahi da shi da iyalinsa lafiya. Mutanen kwarin da baƙi suke ci, kuɗinka a hannunsu zai tsaya.

Kilimanjaro dutse ne babba, ba na musu, shi ne mafi tsayi a Afirka, amma na kwana biyar tarko ne ga wanda ya fito daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu. Hanyar Marangu ce: ka tashi daga ƙofa wajen mita 1,860, ka kwana Mandara a 2,700, Horombo a 3,720, Kibo a 4,700, tsakar dare a tashe ka ka hau kusan mita 1,200. A 2019 haka na yi. Amai ya fara tun a Kibo, ban ko kai Gilman's Point ba, wato wurin da ake fara isa a bakin saman dutsen, aka juyo da ni, mutum biyu na riƙe da kafaɗuna. In ka nace sai shi, ka jira sai ka sami kwana goma sha biyu, ka ɗauki hanyar Lemosho ko ta Machame na kwana bakwai zuwa takwas, kuma ka fara neman bizar Tanzaniya da wuri, don mai fasfon Najeriya ba a ba shi a filin jirgi.

Ba ka tambayi wannan ba, amma dole in faɗa, don shi ya ci ni. Dillalin da ya sayar mani da wancan tsarin ya rantse cewa "hanya mai sauƙi ce, har tsofaffi na hawa". La'adarsa yake dubawa, don na kwana biyar ya fi arha, ya fi saurin shiga. Lokacin da na je, kuɗin hukumar gandun dajin Kilimanjaro kaɗai dala 70 ne kowace rana, ɗakin kwana dala 60 kowane dare, dala 20 na ceto, a ɗora harajin kashi 18 cikin 100. Yi lissafi da kanka, na kwana biyar ya haura dala 700 kafin a sayi ko buhun shinkafa, kafin a biya jagora, mai dafa abinci da 'yan dako. Duk wanda ya tallata maka Kilimanjaro a kusa da wannan kuɗin, ko ƙarya yake, ko guminsu 'yan dako zai cinye. Na ga yara suna ɗauke da kaya a ka da takalmin da ba za ka sa ka je Kasuwar Tsakiya ba, alhali doka ta ce kada kayan mutum ɗaya ya wuce kilo 20. Abin da na kashe a Tubkal gaba ɗaya, daga Imlil zuwa Imlil, jagora da alfadari da abinci da kwana da tukwici, bai kama ƙafar kuɗin ƙofar Kilimanjaro ba.

A Maroko ma akwai nasu. A dandalin Jami'ul Fana na Marakish samari za su tare ka da hotuna a waya, kowa jagora ne. Ka ce a nuna maka katin shaidar jagora na hukuma mai hotonsa, kuma ka tabbata wanda ke jikin katin shi ne zai hau da kai, ba ƙanensa ba. A rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa: motar zuwa da dawowa, alfadari, gadon masauki, abinci, tun kafin ka tashi. Akwai kuma masu tsayawa a mashigar da ke ƙasa da ƙololuwa, in sun ga ka gaji su ce ai an iso. Ba ka iso ba sai ka dafa ƙarfen nan. Na gida kuwa, masu talla a WhatsApp da Instagram cewa za su haɗa maka biza da tikiti da dutse a dunƙule, kada ka tura kafin alƙalami a asusun mutum ɗaya da ba ka san ofishinsa ba. Bizar Maroko ka nema da kanka a ofishin jakadancinsu a Abuja, kuɗin jagora kuma ka ba da kaɗan, ragowar sai kun haɗu ido da ido a Imlil.

Sai maganar jini, wadda Turawan da ke rubutu kan duwatsun nan ba su cika kawowa ba don ba damuwarsu ba ce. Ka san rukunin jininka na sikila kafin ka sayi tikiti. Mai amosanin jini kada ya kusanci ko ɗaya. Mai AS ma, wanda lafiya lau yake a gida, ƙarancin iska a sama na iya taɓa masa saifa, ya ji ciwo mai tsanani a hagun ciki. Ka je wurin likita ka gaya masa tsayin da za ka hau, shi zai ce maka ko ka sha Diamox, maganin da ke taimaka wa jiki ya saba da tsayi, ko a'a. A kan dutse kuma in ciwon kai ya haɗu da amai ko jiri, magani ɗaya ne, sauka, kuma jagora na ƙwarai da kansa zai ce a juya.

Daga yau ka fara tafiya. Bayan Asuba ka ɗauki jaka mai kilo biyar ko shida, ka taka daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro ka dawo, ranar Asabar ka ninka, in kuma akwai bene a wurin aikinka ka mai da matakalarsa abokiya. Takalmin da za ka hau da shi, shi za ka riƙa sawa tun yanzu don ya saba da ƙafarka, sabon takalmi a kan dutse kanta yake yi. Ka tafi da kilishi da dabino, kilishin ka ba jagoranka rabi, dattijona har yau yana tambayarsa. Sandunana biyu da tocilan ɗin goshi da safar hannu mai kyau da na saya daga baya suna nan a gida. In ka yanke shawara ka yi mani magana ta waya ka zo ka ɗauka.